Takalman Ummu

Hinde ta sa yatsu ta ƙara girman hoton. Kwana tara ke nan da ta kai ɗiyarta Ummu yaye daga Tambuwal zuwa garinsu Fakku, wurin Inna mahaifiyarta, kuma kullum ƙanenta Suhaibu sai ya turo mata hoto.

Yau Ummu tana dariya, amma takalmin hagu ne a ƙafar dama. Hannun da ke riƙe da ita kuma na namiji ne.

Ta kira shi a waya. "Suhaibu, wa ke wasa da ɗiyata? Ina Inna?"

"Ni na sa mata, Yaya, ban iya ba." Sai ya ƙara da cewa, "Inna ta rasu da hantsi. Baffa ya ce in turo kamar kullum, har ya iso Tambuwal ya gaya miki da bakinsa."