Layin Dogon Tsoho Ekkehard

Karo na uku ke nan Detlef yana yanke katakon, bayansa duk ya ƙage. Shekara talatin mahaifinsa Ekkehard ya yi yana gina ɗan layin dogo na wasa a gidansu na Kassel, yanzu ya dage sai an raba shi gunduwa-gunduwa.

"Rage yatsa biyu," in ji tsohon.

Detlef bai ɗago ba. Ya riga ya kama wa mahaifin nasa ɗaki a gidan tsofaffi a ɓoye, ya rasa bakin faɗa masa.

"Haba Baba, na gaji! Me ya sa sai wannan awon?"

"Ƙofar ɗakin da ka kama mini matsattsiya ce. Ranar Talata na hau bas na je na auna. Yanka kawai, ɗana."