Faɗuwa Goma a Kafaɗar Dama

Bayanta ya daki tabarmar roba, ƙarar ta cika zauren. Kafin ta gama jan numfashi muryar Sensei, malamin judon, ta sauka a kanta.

"Ke mai farar ɗamara, tashi. Ba gadon asibiti ba ne nan."

Ta tashi. Shekararta talatin da takwas, ita ce ke ba da umarni a ɗakin haɗa magunguna na asibitin da take aiki, amma a nan layin ƙarshe take tsayawa, bayan 'yarta mai ɗamara ruwan lemo, bayan Autanta ma da haƙoransa na gaba ba su gama fitowa ba.

Da can ita ma gwanar judo ce. Shekara goma sha uku da suka wuce ta faɗi a wurin horo, ta tokare ƙasa da tafin hannu maimakon ta mare ta, kafaɗarta ta goce. Daga ranar ta ninke kayanta ta jefa ƙasan akwati. Sai bana, bayan ta gaji da zama a benci tana riƙe wa yaran gorar ruwa, ta ciro su ta wanke.

Tun ranar farko Sensei bai ɓoye cewa ba ya son ganinta a wurin ba. Bai tambayi sunanta ba, bai tambayi inda ta taɓa koyo ba. Farar ɗamara ya wurgo mata, ta sababbin shiga. Idan aka ce kowa ya kama abokin yi, ba ya barin kowa ya kama wuyan rigarta sai shi, kuma kullum ta gefen dama yake kayar da ita, gefen ciwon, kamar an raɗa masa.

Dokarsa ɗaya ce wadda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: daga bakin ƙofa zuwa ciki babu uwa, babu uba, babu ɗa, sai malami da ɗalibi. Ranar da Auta ya manta ya ce "Mama, sannu", zagaye ashirin ya yi wa zauren da gudu, yana kuka yana haki, ita kuma tana tsaye ba ta da ikon cewa uffan. A ranar ta ji da ido na kisa da an ɗauki gawar mutumin nan.

Bayan wata uku ya gindaya mata sharaɗi a gaban kowa. Gwaji ɗaya. Zai kayar da ita sau goma ta dama. In ta tokare ƙasa ko sau ɗaya, kada ya sake ganin ƙafarta a kan tabarmarsa, ta koma bencinta.

Yau ce ranar, kuma ta riga ta yi faɗuwa bakwai.

Ɗalibai sun durƙusa a jere jikin bango, babu mai motsi sai fankar sama. 'Yarta ta dunƙule hannu a kan cinya, idonta a ƙasa, ta ƙi kallon kowa a cikinsu.

"Kin gaji," in ji Sensei a hankali, yana gyara riƙonsa a hannun rigarta. "Motsa jikin safe ma kwana huɗu rabonki da shi. Ki ce kin haƙura."

"Ka yi aikinka, malam. Surutun ya isa."

Na takwas ya zo da ƙarfi. Duniya ta juye, kuma tana cikin iska ta ji tsohon tsoron ya taso, hannunta yana neman miƙewa ya tari ƙasa da kansa. Ta danne haɓa a ƙirji, ta mari tabarmar. Zafi ya ratsa kafaɗar har cikin kunne.

Na tara ta ciji harshe. Ta haɗiye jinin don kada ya gani.

Kafin na goma ya tsaya. Ta ga gumi yana ɗiga daga gemunsa alhali ba shi ake kayarwa ba.

"Kafaɗar nan in ta sake gocewa, ba ta ɗauruwa. Likita ya faɗa."

"Tawa ce ko taka?"

Ya dube ta kamar zai haɗiye ta. Ita ma ba ta ƙifta ba. Sannan ya shiga, ya juya ƙugu, ya ɗauke ta sama.

Ƙarar marin da ta yi wa tabarmar ta fi ta sauran taran. Ta kwanta tana kallon silin, tana jiran azabar da ta sani. Ba ta zo ba. Ta motsa yatsu, ta ɗaga hannu, ta miƙe da kanta.

Sensei bai ce madalla ba. Ya juya baya ya ce, "Ranar Laraba kada ki makara," ya sallami aji.

Ɗalibai suka rusuna ɗaya bayan ɗaya a bakin ƙofa suka watse. Ita ce ta ƙarshe kafin shi. A waje ta zauna kan dakali, hannun daman ya ƙi kaiwa ga igiyar takalminta. Ya fito, ya rusuna wa zauren, ya kulle ƙofa. Ya durƙusa a gabanta ya ɗaura igiyar, ɗauri biyu, fuska a murtuke. Ita kuma ta kau da kai tana kallon titi.

Auta ya dubi wannan, ya dubi wannan, ya sauke ajiyar zuciya irin ta tsofaffi.

"Baba, to yau ma ba za ku yi wa juna magana a mota ba?"