Gaisuwar Kaka

Kakata a bauta ta tashi. Tana ƙarama aka kamo ta, ko sunan garinsu ba ta riƙe ba. Gaisuwa ɗaya ta rage mata a yarensu, mu jikoki muna tsokanarta wai ƙirƙira ta yi.

Wata la'asar muna bandar tarwaɗa a bakin kogin Haɗeja, sai ga baƙuwa mai sarin kifi, tsagar fuskarta irin ta Kaka sak. Kaka ta miƙe, ta gaishe ta da yaren. Matar ta amsa!

Kaka ta yar da sandarta, ta rangaɗa guɗa, ta damƙo hannuna. "Ke ja'ira, kin ji? Ni ma ina da gari!"

Kifin ya ƙone ƙurmus. Har yau ƙaurin banda daɗi yake min.