Igiyar da Ɗanliti Ya Ƙona

Sakatare Ɗanliti ya ci amanar ƙungiyarmu, kuma ba zan rufa masa asiri ba.

Tun kafin a kawo na'urar da ke raɗa wa makaho abin da ke gabansa, iyayenmu makafi da guragu masu tufka, a igiya ɗaya suke ajiye tarihinsu. Kowane yajin aiki da ƙullinsa. Ranar taron shekara igiyar takan zaga hannu zuwa hannu, har ƙulle-ƙullen suka yi santsi don shafa.

Bana dattijonmu Baba Tanimu ya miƙa hannu, ya ji wayam.

"Ɗanliti, ina igiyar?"

"Baba, na haɗa da shara na ƙona. Ai na'ura ta san komai."

Tsohon ya taɓa na'urar da ke kunnensa. "Ke, ba mu labarin kwana arba'in da muka yi zaune a ƙofar masaƙar da muke wa aiki."

Muryar ta amsa cikin ladabi, "Ba a taɓa yin haka ba."

A wancan zaman na kwana arba'in ne matar Baba ta rasu.

Mun tsige Ɗanliti, mun goge sunansa daga na'urorinmu. Yanzu in ya tsaya gaban ɗayanmu, muryar cewa take babu kowa.