Ƙwaron da ke Allon Likita

Wata huɗu ke nan matar mai gyaran kwamfuta tana tari. Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. Da ƙyar ya lallashe ta aka ɗauki hoton ƙirjinta, ga su yanzu zaune gaban likita, ta riƙe gefen rigar mijin gam.

Likitan dattijo ne mai fara'a. Ranar ya dawo daga hutun wata guda, ga layi har bakin ƙofa. Ya buɗe hoton a allon kwamfutarsa. Can sama, ta hannun dama, akwai wani ɗan tabo da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Mai gyara ya nuna tabon da yatsa. "Likita, wancan fa?"

Likita ya tuntsire da dariya. "Tsohon maƙwabcina ne wannan, ƙwaro ne. Bara ya shiga cikin allon nan, nas ta danne shi da yatsa, ya mutu a ciki. Duk hoton da na buɗe sai ya hau huhun mutum. Malama, ƙirjinki fes yake. Sanyi ne kawai."

Mai gyara ya sauke ajiyar zuciya, don wannan aikinsa ne, ya san su sarai. Ƙananan ƙwari ne da haske da ɗumi ke ja, su bi ramukan iska su maƙale a bayan gilashi. Wanda aka danne kuwa, nan zai bushe har allon ya mutu. Matar ta fashe da kukan murna. Shi ma don daɗi ya yi alkawarin zuwa ya cire wa likita maƙwabcin nasa. Har ya yaba a ransa yadda dattijon ke tattalin kaya, allo tun na bara amma ledar gefensa ko ɓarewa ba ta yi ba.

Aiki ya sha kansa, sai bayan mako shida ya cika alkawari. A lokacin kwalba ta uku ta maganin sanyi ta ƙare, matar kuma ta fara ɓoye masa ƙyallen da take tari a ciki.

Ya tarar likita ya shiga duba marasa lafiya. Ya zauna, ya baje sukundirebobinsa, ya buɗe farin shafi don ya ga inda gawar ƙwaron take. Allon fari tas. Ya ƙara haske, ya matso har numfashinsa na taɓa gilashi, ya bi shi lungu-lungu. Babu ƙwaro, babu alamarsa.

Nas ta shigo da fayiloli a hannu, ya tambaye ta ina ƙwaron.

"Au, wancan allon? Ai yana sito," ta ce. "Tun Likita yana hutu aka kawo wannan sabon."