Mai Tafireta na Gyaɗi-Gyaɗi

Mako biyu da komawar soja bariki, wata baƙar motar gwamnati ta tsaya a ƙofar shagon tsoho mai tafireta a Gyaɗi-Gyaɗi. Gabansa ya faɗi, domin a shekarun baya irin wannan mota ba ta zuwa da alheri.

Shekara ashirin da biyu ke nan yana buga wa ɗalibai kundin kammala karatu, na Jami'ar Bayero da na kwalejin ilimi ta Kumbotso. Shi kansa a firamare ya tsaya. Amma ran da aka jero sunayen sababbin kwamishinoni a rediyo, sai da ya ƙirga huɗu waɗanda kundinsu ya bi ta yatsunsa. Ya faɗa wa maƙwabta, suka yi masa dariya.

Wata mata ta fito daga motar, ta cire takalmi, ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ka gane ni? Ni ce 'yar Tarauni, wadda babi na uku ya sa kuka. An ba ni kwamishina. Gobe zan yi jawabina na farko, kuma ba zan karanta shi ba sai ka duba."

Ya maƙala tabarau, ya karɓi takardar jawabin, ya bi ta layi-layi. Can ya ɗago yana murmushi, ya zaro jan biro daga aljihu.

"Ranki ya daɗe, har yanzu kina mance lanƙwasa. Kin rubuta za ku gina kasa. Matso, 'yata, mu gyara ta ta zama ƙasa."