Gaiwa a Cikin Taɓo

Wata biyu da Sallau mai gyaran keke ya fara shan maganin tarin fuka, tari ya tsaya, zufar dare ta ɗauke, har kumatu sun fara dawowa. Sai ya ɗauki ragowar maganin ya nufi asibiti da niyyar mayarwa, wai kada ya lalace a hannunsa alhali wani na buƙata. Baba Tankari, tsohon malamin asibitin da ke ba shi maganin, bai yi masa faɗa ba. Ya nuna masa benci, ya ce ya zauna ya ji wani misali.

Wani manomi ne yake da kududdufi a gefen fadamarsa, ya yi sha'awar kiwon ƙarfasa a ciki. Matsalarsa guda ce: ruwan cike yake da gaiwa, ita kuwa gaiwa ba ta barin ɗan kifi ya girma. Da kaka ta yi, ya daka magimfa, ganyen nan da masunta ke zubawa a ruwa kifi ya bugu, ya watsa. Kwana biyu kifi yana tasowa ciki sama, yana kwashewa. Ruwan ya ja baya ya ƙafe, taɓo ya bushe ya tsattsage, ko motsin kwaɗo babu. Wani tsohon masunci ya shawarce shi ya bi taɓon nan da fartanya taku-taku har ƙarshen rani, duk inda ya ga ɗan rami kamar na yatsa ya tona. Manomi ya dubi filin, ya dubi rana, ya ga ai wahalar banza ce mutum ya yi ta saran ƙasa yana neman abin da ya riga ya mutu.

Abin da bai sani ba, gaiwa ba ta mutuwa don ruwa ya ƙafe. Nutsewa take yi cikin taɓo, ta naɗe, ta lulluɓe kanta da yauƙi. A can ƙasa iska kaɗan ce ke isa gare ta, sai ta rage numfashi, ta daina ci, ta daina girma, ta kwanta kamar guntun itace. Wadda ba ta yawo a ruwa, ina magimfa zai same ta? Damina ta sauka, kududdufi ya cika, manomi ya zuba 'ya'yan ƙarfasarsa yana murna. Taɓo ya yi laushi, gaiwa ta farka da yunwar wata shida. Kafin a yi noman farko babu ɗan kifi ko ɗaya. Ga ruwa ya cika, ba damar tono. Dole ya jira wani rani ya sake aikin daga tushe, gaiwar ma ta ƙara yawa. Wanda ya ƙi aikin wata uku ya yi asarar shekara guda, kuma ba wanda ya ji tausayinsa.

Baba Tankari ya ce ƙwayoyin cutar nan haka suke a huhun mutum. Masu yawo suna hayayyafa, su magani ke fara kashewa, shi ya sa tari ke tsayawa da wuri. Wasu kuwa jiki ya riga ya kewaye su ya toshe, iska ba ta isa wurin sosai, sai su daina hayayyafa su yi lamo, magani ba ya cin su da sauri. Maganin na wata shida ne, sauran watanni huɗun saboda su ne. In aka bari suka farfaɗo, aka yi ta shan magani ana yankewa, wata rana sai a wayi gari maganin farko ya daina aiki, a koma wani mai tsanani.

Shi dai Sallau, a ransa ya riga ya warke. Tsohon ya tura masa ledar maganin, ya ce, "Ɗauki abinka, ɗan nan. Wata huɗu kake gudu, kada ka je ka sayo shekara. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa."